Tayoyin Nagode Magini

Duk rumbun da ka gani a Maradun ya yi tumbi kamar tulu cike da ruwa, da wuya in ba hannun Nagode ne ya ɗaga shi ba. Shekara arba'in yana gini, bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Da taƙi yake auna komai: ya buɗe babban yatsa da na tsakiya, su yi ta tafiya a bango kamar tsutsa. Gajere ne, hannunsa ɗan mitsitsi, amma a ganinsa duniya ba ta da ma'aunin da ya fi shi.

Matarsa Taiba 'yar Faru ce. Tun tana amarya ya yi mata alkawarin wata rana a mota zai kai ta gida. Ta je a jaki, ta je a keke, ta tsufa a bayan babur. Da labari ya zo ɗiyarsu ta haihu a Faru, sai ta ce cikin sanyin murya, "Malam, in motar nan ba ta kai ni sunan ga ba, ka bar ta. Na yafe."

Wannan yafewa ta hana shi cin tuwo.

Motar kuwa akwai ta. Peter, wani makanike a Talata Mafara, shi ya ba shi ita bayan ya gina masa shago. Tsohuwa ce ja, irin ta tsere, kujera biyu, ba rufi, cikinta dab da ƙasa kamar kada. Peter ya dasa mata injin wata motar, har ya koya wa Nagode tuƙi, amma tayoyinta sun mutu, ta shekara uku a kan duwatsu a ƙofar gida.

Peter ya zo dubawa. Ya ce, "Baba, kowace taya da lamba a jikinta. Bari in rubuta maka."

Nagode ya ce, "Lamba ta 'yan makaranta ce." Ya durƙusa ya auna gurbin tayar. Taƙi uku.

Biyu ya samu a kasuwar Maradun, ya auna da kansa, suka yi daidai. Sauran biyun ya aiki amininsa Jibo mahauci, mai zuwa Mafara ranar Talata. "Taƙi ukku, Jibo. Kak ka ƙara, kak ka rage."

Jibo mutum ne mai amana. Sai dai tafin hannunsa ya kusa rufe faifai. Ya auna taƙi uku cif, ya dawo da tayoyin a-kori-kura biyu da rim ɗinsu.

"Jibo, mi kak kawo mani? Bakin rijiya?"

"Ukku kac ce, ga su nan ukku! Laifina ne da Allah ya ba ka hannun ƙadangare?"

Sunan kuwa jibi ne, ba lokacin mayarwa. Peter ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya yanke gefen motar ta baya, ya huda sababbin ramukan noti, ya ɗaura manyan a baya, ƙananan a gaba. Da aka janye duwatsu, motar ta tsaya kamar raƙumin da ya fara gurfana ya fasa.

Ranar suna Taiba ta sha ado, ta shiga, ta dafe gaban motar don kada ta zame. A kan hanya mai ƙarfi suka yi ta shawagi, iska na wasa da mayafinta, gonakin gero na sunkuyo musu. Suna shiga yashi, hancin motar ya nutse ya fara huɗa kamar garma. Nagode ya taka, ta ƙara tono. Rana ta ɗaga, can gaba ana jin ƙarar turmi daga Faru.

Ya kashe injin, ya kasa kallon Taiba.

Taiba ta leƙa baya, ta leƙa gaba. Ta ce, "Malam, ƙafafun Jibo ba su nutse ba. Juya ta, su shige gaba."

Makiyaya biyu suka taimaka aka juya ta. Ya sa ribas, ya murɗe wuya, manyan tayoyi suka yi ta haye yashi, ƙananan na biye kamar 'yan raguna. Haka suka shiga Faru da baya, suna fuskantar Maradun, ya ture dangar mutum ɗaya kawai.

A ƙofar gidan suna Taiba ta ƙi sauka. Sai da yayyenta da ƙannenta da tsofaffin da suka raka ta ranar aurenta suka fito ɗaya bayan ɗaya suka gan ta zaune. Sannan ta gyara mayafi, ta sauko a hankali, ta ce, "Ka cika alkawari, Malam."

Ya so ya dube ta ya amsa, wuya ya ƙi juyowa. Sai ta zagayo ta bayan motar, ta tsaya inda idonsa yake, ta sake faɗa masa.