Baba Rariya da garin farin dutse

Shekara talatin da ɗaya Baba Rariya ya yi a ɗaki na bakwai na sashen bincikenmu a jami'a, ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da aka shafe da baƙin fenti. Aikinsa daka dutse da tankaɗe shi. Rariyoyinsa tara ne, kowacce da ƙusarta a bango, shi ya sa sunan ya bi shi.

Garin da yake tankaɗewa shi muke haskawa da fitila don mu kwaikwayi duwatsun nan masu kewaya rana a sararin samaniya. Idan duniya ta shiga tsakanin rana da irin wannan dutse, wato rana tana ƙeyar mai kallo, fararen cikinsu kan ƙara haske farat ɗaya. Hasken da suke maidowa kuma yakan karkata ya riƙa kaɗawa ta gefe guda. Muna auna karkatar da gilashi mai tace haske, kamar na tabarau mai hana ƙyalli.

Baba ya yi awo ɗari biyu da sha biyu, kuma a duk cikinsu allurar mitar auna haske takan yi wani ɗan nutso idan fitila ta kusa daidaita da idon na'ura, ƙasa da digiri biyu. Farfesa, shugaban binciken, ya ce in wani hannun ya maimaita ya samu haka, sunan Baba zai shiga takardar bincike. Bai taɓa shiga ko ɗaya ba, ga shi saura wata uku ya yi ritaya.

Ni aka ba maimaicin, ina sabuwar ɗauka. Na lissafa: shirya faranti ɗaya na gari yana cin Baba minti arba'in. Ni na zuba gari da cokali, na danne shi da gindin kofi ya yi sumul, minti shida na gama. Awo talatin na yi, allura ko gezau.

"Baba, sai haƙuri," in ji Farfesa ranar Alhamis. "Ƙila fitilarka ce take rawa. Gobe zan cire shafin."

Baba ya gyara tabarau, ya leƙa farantina.

"'Yar nan, wa ya yi wa garina guga?"

"Ni ce, Baba. Don ya yi kyau."

"Ya yi kyau kam, har ina ganin furfurata a ciki. To can sama wa yake bin duwatsun da kofi?"

Ya juye farantin, ya miƙo mini rariya ta huɗu. Ya ce in ɗaga ta kamu ɗaya, in riƙa bugun gefenta da ɗan yatsa, in bar ƙurar ta sauka da kanta. Sai ƙwayoyin sun kwanta sako-sako, in ji shi, haske yake samun lungunan da zai yi ta karo a ciki kafin ya dawo.

"Numfashi fa?" na ce.

"Ki ajiye shi a waje."

Minti arba'in da uku na yi, kafaɗata kamar ta cire. Farfesa na tsaye da hannu a aljihu. Na matso da fitila: digiri biyar, huɗu, uku. A ɗaya da rabi allura ta nutsa.

"Sake," in ji Farfesa.

Sau goma sha ɗaya na sake matso da fitilar kafin a tashi, duk ta nutsa.

Sunansa ya fito na uku cikin huɗu. Ranar da takardar ta iso ya karanta layin sunayen a tsaye, ya ninke ta biyu, ya sa a aljihun riga. Ya ce zai kai wa matarsa, wadda ta shekara talatin tana gaya wa maƙwabta mijinta daka yake yi a jami'a.