Tukunyar Gas ɗin Umma

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar zafin Agusta, shekarar da zan shiga aji huɗu, Umma ta ɗora shinkafa sai wuta ta mutu. Ta leƙa baranda ta ɗauko tsohuwar tukunyar gas a musanya mata da cikakkiya, babu ita babu dalilinta. Mai gas kuwa yana ƙasa da kekensa, yana buga sifana a jikin tukwane, kan-kan-kan, kuma duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Madinat Nasr ya san in mutumin nan ya sha kwana, sai gobe. Umma ta kalle ni, na kalle ta. Mun san ɓarawon. Na zura silifas na sauka bene da gudu.

A ƙarƙashin gidanmu akwai garejin da baban wani saurayi, Karim, ya daina sa mota. Nan yayana Sadiku yake shigewa kullum bayan la'asar, da sunan ya tafi bitar hadda. Su uku ne: Karim, Bamisire, mai jita da wata lasifika da ke jan mutum in ya taɓa ta, Usama ɗan Sudan, mai rera waƙa kamar an biyo shi, sai Yaya da gangunansa na gwanjo. Ba shi da faifan ƙarfen nan da makaɗa ke dokawa, shi ya sa ya ɗauke tukunyar, kiɗan ma a wurin mai gas ya kwaso shi. Na banke ƙofa na tsala ihu da Hausa: "Yaya, ka kawo tukunyar Umma, yunwa muke ji!" Ashe wayar Karim tana ɗaukar waƙarsu, ihuna ya shiga ciki. Suka ƙi gogewa, wai nan ne ya fi daɗi.

Kafin a koma makaranta waƙar ta cika gari. Ina sharar matakala in ji ta, ina shanya in ji ta, in zura kwando daga baranda don a sako min burodi in ji muryata tana fitowa daga shagon mai ruwan rake. Yaran layi suna ƙwallo suna ihun maganata a karkace, ba su san me suke faɗa ba. 'Yan ajinmu har tsallen igiya suke yi da ita. Ba wanda ya san sunan makaɗan, "yaran anbuba" kawai ake ce musu, wato yaran tukunyar gas. Ni kuwa bakina har ƙaiƙayi yake in ce ni ce, amma Umma ta ja kunnena. Baba malami ne da sababbin ɗalibai daga gida ke ɗaukar karatu a wurinsa, kuma ya sha faɗa: "Karatu ya kawo mu ƙasar nan. Wanda ya gaji, Gusau tana nan."

A motar haya asiri ya tonu. Ni da Baba za mu Giza dubiya, direba ya ƙure sautin waƙar, wasu samari a baya suna buga kujera. Na sunkuyar da kai ina addu'ar a yi saurin wuce wurin. Ina! Muryata ta tashi tar. Baba ya juyo a hankali ya ce, "Hafsatu, wa nake ji?" Na ce, "Ni ce." Ya ce, "Wa ke kiɗan?" To, Yaya na kira a ciki, me zan ɓoye? Baba bai yi faɗa ba. Ya sa aka sauke mu a gefen titi, muka ƙarasa da ƙafa cikin rana. Kafin sanyi ya shigo Yaya yana Gusau, a shagon kawunmu.

Karim da Usama sun nemo makaɗi na gaske, suka je unguwar Zamalek suka ɗauki waƙa ta biyu a ɗakin ɗaukar waƙa mai sanyi. Ko karen layi bai saurare ta ba. Khalas, shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Yanzu garejin ya zama shagon rigunan waya. Waƙar tana nan ba ta mutu ba, ana sa ta a bukukuwa, kuma ƙananan makaɗa da ban sani ba suna kwaikwayon bugun Yaya, suna cewa tsohon salon unguwa ne. Shi kuwa tayil yake sayarwa, da 'ya'yansa, Larabcinsa ma ya fara gudu. In na tura masa bidiyo, amsarsa ɗaya ce: "Ma'alish, ba komai, ki gaida Umma." Ni dai in aka sa ta ba na iya zama, sai na tashi na fita, ba tare da na san inda zan je ba. Garin nan ya riƙe waƙar, ya saki mai kiɗan.