Mahaucin da Ya Nemi Ganin Hantarsa

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Da hantsin Talata, bakwai ga watan Maris, babbar 'yarka ta kira ni ta ce, “Likita, Baba ya cika.”

Ni likitan hoto ce. Likitan fiɗa ne ya turo mini kai, Baba, domin a ɗauki hoton CT na hantarka kafin a yanke shawarar aiki. Abin da ake son sani shi ne girman ƙarin ciwon dajin, ko ya kama manyan jijiyoyin jini, kuma in an cire shi ko ragowar hantar za ta iya riƙe ka.

Yawancin mutane suna shiga bakin na'urar nan ido a rufe. Kai kuwa da tambaya ka shiga. Ka tambayi amfanin ruwan da muka yi maka allura, na ce shi ke haska jijiyoyi. Ka tambayi dalilin riƙe numfashi, na ce kada hoton ya yi dishi-dishi. Da aka gama, ka jawo kujera kusa da allon kwamfutata.

“'Yata, ni mahauci ne. Hantar da ta bi ta hannuna ba ta ƙirguwa, amma ban taɓa ganin tawa ba.”

Na riƙa nuna maka ita falle-falle, daga sama har ƙasa. Ka riƙe haɓa, ka ce, “Ikon Allah! Yanka ba wuƙa, ba jini. Da kin shigo kasuwa da kin kashe mana sana'a.”

Sai muka iso inda ƙarin ya naɗe babbar jijiya. Ka dube ni, ka gane. Washegari likitan fiɗa, wanda kake kira abokin sana'a, ya tabbatar maka aikin ba zai yiwu ba. 'Yarka ta fashe da kuka. Kai ne ka lallashe ta, ka ce gara da hoto ya faɗi gaskiya tun wuƙa ba ta taɓa ka ba.

Bayan nan, duk ranar da ka zo karɓar magani sai ka leƙo ɗakin jiranmu. Wata tsohuwa ta taɓa kafewa a bakin ƙofa, ta ce ba za ta shiga ramin na'urar ba. Ka zauna da ita, ka ce, “Hajiya, ba ki son ganin ajiyar da Allah ya yi a cikinki?” Ta yi dariya, ta shiga. Nata ƙarin ya ciru, kuma tana nan da ranta. Jiya ta zo gaisuwa da jikokinta.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinka. Ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da abokan sana'arka, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.