Belun da Aka Riga Aka Yanke

Shekarar da jam'iyyu suka fara tsirowa a ƙasar nan, kowa ya samu bakin magana, ni kuwa muryata ta mutu. Ina mushe, wato malamin makaranta, a lakol ɗin Gangara, aji cike har bakin ƙofa, ba ni da kayan aiki sai alli da maƙogwaro. Kullum na tashi da safe murya a dishe, kamar na yini kiran shanu. Wani abu ya tokare mini wuya, ba ya haɗiyuwa, ba ya fitowa. Kafin in faɗi kalma uku sai na yi gyaran murya. 'Yan ajin nan, Allah ya shirye su, da na juya ga allo sai in ji ana "ehem, ehem" a bencin baya.

Mai duba lakol ya zo, ya zauna awa guda bai ji rabin darasina ba. Ya ce in abin bai gyaru ba kafin a dawo hutun damina, za a mayar da ni buro, aikin ofis. Buro! Ni da ban iya komai ba sai tsayawa gaban yara. Wallahi na ji tsoro.

Mutanen gari kowa da tasa. Wasu suka ce ihun taron siyasa ne, alhali ko hular jam'iyya ban taɓa sawa ba. Wasu suka ce an ɗaure mini murya. Sai ga innata ta taso daga Cadakori a motar kasuwa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Ta saurare ni, ta dubi matata ta ce, "Ke, wannan ai belu ne ya sauko masa. A kai shi ga wanzami."

Belu shi ne ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki, kuma a wurinmu duk ciwon wuya shi ake ɗora wa laifi. Ni mai karantar da kimiyya, na bi ta zugui-zugui ranar kasuwa. Wanzamin dattijo ne. Ya zaunar da ni ina fuskantar rana, ya danne mini harshe, ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya mayar da askarsa cikin zabira.

"Inna, ai an riga ni. Babu abin yanka a nan."

Inna ta riƙe baki. Ashe tun ina ɗan kwana bakwai aka cire shi, ta manta.

"To a taɓa gefe-gefe mana," in ji ta.

"A'a. Mushe da wuyansa yake ci. Ku tafi Gazawa wajen likita."

Har yau ina sa wa tsohon nan albarka. Da wani mai rawar hannu ne, da Allah kaɗai ya san abin da zai yanko.

Likitan Gazawa ya tambaye ni ko ina ƙwannafi. Na ce ko kusa. Ya ce akwai irin wanda ba ya ƙona ƙirji: ruwan ciki mai tsami ne ke hawowa a ɓoye yana cin maƙogwaro. Ya tura ni Maradi aka leƙa wuyan, aka ce babu mugun abu. Da na dawo na tambaye shi yaushe zan warke. Ya ce, "Mushe, wannan zama za ku yi tare. In ka kiyaye, da muryarka za ka tsufa."

Na ji haushi, don magani na zo nema ba maƙwabci ba. Amma na bi. Na sha ƙwayoyin da ya ba ni. Na rage goro, na rabu da shayin nan mai ɗaci da muke sha da abokaina Fulani bayan kasuwa. Matata ta ɓoye kwalbar yaji, ta ɗora ƙafafun gado na wajen kai a kan tubali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hana ni miƙewa a tabarma bayan tuwo. Da na kishingiɗa sai in ji, "Malam, tashi zaune!" Mun sha faɗa a kan wannan, kuma ita ce mai gaskiya.

Da aka dawo hutu, na baya suna jin darasi. Ba a kai ni buro ba. Ciwon dai bai tafi ba: duk sallar layya da na zarce a soye, sai na yi mako ina magana ƙasa-ƙasa, sannan murya ta dawo. A haka na koyar har na yi ritaya.

Bara ina tashar Gazawa ina jiran mota, na yi gyaran murya zan tambayi direba. Wata mata da goyo, tana ba ni baya, ta juyo firgigit.

"Mushe! Wallahi tun kafin in waiwayo na san kai ne. Ni ce ta bencin baya."

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce yanzu ita ma aji gare ta a lakol. Na buɗe baki zan sa mata albarka, muryar ta ƙi fitowa. Wannan karon ba ciwon ba ne.