Mai Hotunan Kwatano

Tun hantsi mutumin yake tsaye gaban teburin Zeinabu mai tuyar kifi a tashar Malanbil, ya tare mata masu saye. Dogo ne siriri, da rigar shadda wadda guga ta ƙone a kafaɗa. Yana ɗaga waya sama, 'yan kabu-kabu sun kewaye shi.

"Kun ga wanga coci mai zanen ja da fari? Kun ga gunkin macen ga mai bindiga, ta ɗara rimi tsawo? Duk na gani a Kwatano, ko dala ban biya ba!"

Zeinabu tana leƙen hotunan ta gefen ido, kifinta na hucewa. A kowane hoto yana waje, bayan shinge, da rigar nan dai, da leda a hammata. Ya ce ƙauyensu Garu za shi, amma babur uku ya bari sun tafi. Ita kam ta gane irinsa. Wanga ya yi wa mutanen gida alkawarin aiki a birni, ya ƙare da yawon kallon benaye, yanzu kuma ƙafa ta ƙi hanyar gida.

"Malam," ta ce da ƙarfi, "duk gidajen ga, wanne aka buɗe maka ƙofa?"

Aka fashe da dariya, aka watse. Ya tura wayar aljihu, ya daɗe yana kallon kaskonta.

"Inna, ko ruwa a taimaka mini."

Ta nuna gabas da matsami. "Gulbi na can. Shi ma kyauta ne."