Kunnen Modu Mai Salansa

A Fagge aka haifi Modu, a gidan da kakansa ya saya bayan ya baro Borno da fataucin fata. Mahaifinsa tela ne, ya kuma so ɗan ya gaji keken ɗinki, amma Modu tun yana ƙarami ba abin da ke ɗauke masa hankali kamar kukan inji. Da ya tasa sai ya tsallaka Sabon Gari, ya koyi walda a hannun wani Ibo mai suna Nwabueze. Bayan rasuwar Nwabueze, 'yarsa Ifunanya, wadda kowa ke kira Maman Chidinma, ta riƙe shagonsa na kayan mota, Modu kuma ya gaji rumfar walda da ramin shiga ƙarƙashin mota da ke gefen shagon.

Salansa ce sana'arsa. Da can ɗinke wadda ta fashe kawai yake yi. Sai zamani ya kawo samari masu motocin gudu, waɗanda ba shirun mota suke nema ba, so suke ta yi gurnani, ta kuma ƙara ƙarfi. Modu ya iya lanƙwasa bututu yadda hayaƙi zai fita ba tare da ya shaƙe injin ba. Ba shi da na'urar awo. Mai mota zai taka totur, shi kuma ya tsuguna a baya, ya karkata kai, ya ce a ƙara faɗi nan, a rage can. Idan aka tambaye shi doki nawa motar ta ƙara, kamar yadda samari ke auna ƙarfin inji, sai ya ce, "Kaɗan ne. Amma za ka ji shi a ƙafarka."

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne kunnen ya fara tafiya. Da fari wani siririn fito ne yake ji ko a masallaci. Daga baya matarsa Yakaka sai ta taɓa kafaɗarsa kafin ya san tana magana. Ta ce su je asibiti, ya ce iska ce ta shiga, za ta fita. A rumfa kuwa ya koyi kallon leɓen mutane, yana gyaɗa kai ko bai ji ba. Yana tsoron ranar da za a ce Modu mai salansa ya kurumce, don ya san daga ranar ba mai sake kawo masa mota.

Wani saurayi Bahauddeen, mai shagon wayoyi a Titin Ibrahim Taiwo, ya kawo masa baƙar mota ƙirar Jamus, ya ce so yake ya ga canji. Modu ya sa aka taka totur, ya tsuguna, ya karkata kai kamar kullum. Ba abin da ya iso masa sai wani gunji mai nisa, kamar daga cikin rijiya. Ya yi aikin da ƙiyasi, ya sa bututu mai faɗin da ya wuce kima.

Ranar Laraba da hantsi motar ta dawo, ƙararta ta riga ta shigowa layin. Bahauddeen ya fito ya buga ƙofa.

"Baba, me ka yi wa motata? Ihu kawai take yi. In na tashi daga danja, mai adaidaita ma sai ya wuce ni!"

Masu gyaran taya da masu fenti suka fara matsowa. Modu ya tsura wa bakin saurayin ido, ya tsinci "ihu" da "adaidaita", sauran ya cike da kansa.

"Hau da ita kan rami, ɗana. Yanzu zan gyara."

Maman Chidinma ta leƙo daga shagonta. "Baba Modu, bari ta huce mana. Yanzu aka kashe ta."

Ya ga bakinta yana motsi, ya ɗaga mata hannu alamar ya ji, ya sauka cikin ramin. Sauri yake yi, so yake mutanen nan su watse kafin wani ya lura. Ya kwance bututun baya da ƙarfin tsiya, ya fizgo shi, ƙarfen ya bugi wani abu a sama kusa da tankin mai, bai tsaya dubawa ba. Ya ɗauko wani mai ƙarancin faɗi, ya saka baƙin tabarau, ya kunna wutar gas, ya juya baya ga tankin ya fara haɗa gaɓar tsakiya.

Ƙarfen ya yi ja. Cikin tabarau ba ya ganin komai sai bakin wutar. Can sai ya ji ƙasa tana ɗan girgiza, kamar ana gudu a sama. Ta gefen ido ya ga ƙafafu suna watsewa, takalmin wani ya fita an bar shi. Sai wutar ta yi fari, ta mutu a hannunsa.

Ransa ya ɓaci. Wa ya rufe masa gas yana tsakiyar aiki? Ya ture tabarau zuwa goshi zai yi faɗa, sai ya ga fuskar Maman Chidinma a ɗan tsakanin mota da bakin rami. Kwance take rub da ciki a ƙasa, jijiyoyin wuyanta sun tashi, tana nuna bayansa da hannu. Ihu take yi. Shi kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ya waiga. Fetur ne ke tsiyaya daga wata 'yar tiyo da ya tsaga. Ya jiƙa bangon ramin, ya taru a ƙasa har ya taɓa silifas ɗinsa. Wani ɓangaren man kuma ya bi jikin sabon bututun yana gangarowa a hankali, yana nufo gaɓar da har yanzu take ja. Sai a lokacin warin ya doki hancinsa, wanda ya saba da warin gas har ya daina bambancewa.

Matakalar fita tana can bayan tankin. Ya san kafin ya ratsa ya hau, man zai iso gaɓar. Ya ce, "Innalillahi," ya rarumi tsumman da ke cikin bokitin ruwa kusa da ƙafarsa, ya naɗa a kan jan ƙarfen, ya damƙe da hannu biyu. Tururi ya bugi fuskarsa. Zafin ya ratsa tsumman ya shiga tafinsa, ya ji kamar naman yana narkewa, amma bai saki ba. Da tsumman ya bushe ya sake tsoma shi da hannu ɗaya, ɗayan yana tare hanyar man da gefen rigarsa.

"Ruwa!" ya ce, bai san ko da ƙarfi ya faɗa ko a hankali ba. "Kada wanda ya tayar da motar!"

Maman Chidinma ta ɓace, ta dawo da jarkar ruwan shagonta, ta turo ta ƙarƙashi. Ya kwarara a kan gaɓar har jan ya koma baƙi, har ya iya ɗora bayan yatsa. Sannan ita da Bahauddeen da wani mai fenti suka tura motar a hankali, hasken rana ya faɗo cikin ramin. Suka kama shi ta hammata suka fito da shi. Aka yi ta zuba yashi a kan man.

Ya zauna a kan benci, hannuwansa cikin roba mai ruwan sanyi. Mutane sun kewaye shi, bakuna suna ta motsi. Maman Chidinma ta kore su baya, ta durƙusa daidai fuskarsa, ta yi magana a hankali yadda zai ga leɓenta.

"Baba Modu, mun kira ka har muryata ta dushe. Duk layin nan ya ji. Ba ka ji, ko?"

Ya dubi Bahauddeen, wanda ke tsaye riƙe da makulli. Ya dubi masu taya.

"Ba na ji, Maman Chidinma," in ji shi. "An daɗe."

Ba wanda ya yi dariya. Bahauddeen ne ya tare adaidaita ya kai shi asibiti, ya zauna har aka naɗe hannuwan. Da Yakaka ta iso sai ta tambayi ma'aikaciyar jinya ina ne ɓangaren masu duba kunne.

Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama aka sa masa 'yar na'ura a bayansa, aka kuma gargaɗe shi da tsayawa bayan mota ana taka totur. Tafinsa na dama ya warke da tabo mai sheƙi, yatsu biyu ba sa naɗewa sosai. Wasu samarin sun koma wajen wani mai na'urar awo a can bayan tashar jirgin ƙasa, Bahauddeen ma can ya kai baƙar motar aka ƙarasa, ko da yake yakan tsaya su gaisa.

Modu bai rufe rumfa ba. Ya ɗauko Goni, ɗan baffansa, magidanci da ya yi shekaru yana walda a Maiduguri, suka haɗa hannu. Goni ke shiga rami, shi ke saurare. Modu yana waje a inuwa yana yanka da lanƙwasa, yawanci salansar motocin haya da na masu ɗaukar kaya daga Kasuwar Singa. Da la'asar yakan rufe akwatin kayan aiki, ya wanke hannu da omo a bakin kwata, ya taka da ƙafa zuwa Fagge.