Na Goma Sha Biyu Ya Tashi

Shekara ashirin Malama tana binciken yadda masu rubuta manhaja suke aiki. Ƙa'idarta ga ɗalibai ba ta canjawa: wanda aka gayyato yana iya janyewa, ba a tambayarsa dalili. Bana wata biyar ta yi kafin ta haɗa masu rubuta manhaja goma sha biyun da take bukata don wani gwaji. Na ƙarshensu, wani dattijo, ya kai rabin gwajin ya cire tabarau.

"Malama, takardar nan da ta ce ina iya janyewa, da gaske take? Shekara talatin ba wanda ya ce mini in na gaji in tashi."

Ɗalibai suka zuba mata ido.

"Da gaske take, Baba. Sauka lafiya."

Ta goge muryarsa da aka naɗa, ta sake jawo jerin lambobin waya.